Raɗar Bu Lasmini a Gidan Sinima

A bakin kasuwar unguwarsu a birnin Semarang kowa ya san Bu Lasmini, kamar a ce Inna Lasmini, da pecel ɗinta, dafaffen ganye da miyar gyaɗa a kan shinkafa, wanda take naɗewa a ganyen ayaba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, da teburin pecel ɗin nan ta rene su har suka watse neman abinci a Jakarta. Wanda ya rage mata a gida shi ne yayanta Harjito, wanda take kira Mas, wato Yaya.

Shi a zamaninsa mai zane ne. Manyan allunan tallar fim da ake kafawa a gaban sinima, shi yake zana su da fenti: jarumi da bindiga, jaruma da hawaye shaɓe-shaɓe. Da injin buga hoto ya zo sana'ar ta mutu, daga baya ciwon sukari ya tafi da idanunsa. Bai taɓa kukan rashin ganin hanya ba. Fim kawai yake kewa.

Don haka duk ranar da ciniki ya yi sanyi, bayan azahar sai Lasmini ta rufe tebur, ta kama gwiwar hannunsa su hau motar haya. Su zauna a kujerun gefe, ta kai baki kunnensa tana raɗa masa abin da ke gudana. "Ya zaro wuƙa, Mas. Matar na bayan ƙofa, bai gan ta ba." In na soyayya ne har da ƙari: "Gemunsa kamar tsohuwar tsintsiya, ban san me ta gani a jikinsa ba." Ya yi ta dariya ƙasa-ƙasa.

Ana nan sai aka kawo wani fim da ya raba kan gari. Masu cin pecel ba su da zance sai nasa, wasu na yabo, wasu na tsaki. Harjito ya ji labarinsa a rediyo.

"Dik, wannan za mu gani," ya ce mata, Dik yake kiran ta, wato ƙanwa.

"An ce juya kai yake yi."

"Nawa ya daɗe da juyewa. Ɗauko min hula."

Fim ɗin ya fara lafiya lau. Wata mata ta shiga otal neman mijinta da ya ɓata. Ma'aikata suka ce mata ai ita ce ta ɓata, jiya ma mijin ya zo cigiyarta. Daga nan al'amura suka kwance. Ta buɗe ƙofar ɗaki, sai ga gonar shinkafa a ciki, ruwan sama na tashi daga ƙasa zuwa rufi. Ta hau bene, ta tsinci kanta a inda ta fito. Lasmini ta rasa ta inda za ta kamo raɗar.

"Me ya faru? Na ji ruwa."

"Mafarki take yi, Mas. Yanzu za ta farka."

Matar ba ta farka ba. Lasmini ta shiga yin faci, ta zubar da abin da ya fi ƙarfinta, ta ɗinke sauran ya zama labari mai kai da gindi. Kujeru suka fara ƙara, mutane na ficewa. Wani saurayi ya ɗaga murya: "Jama'a, wai wa ya ɓata a nan, ita ko mu?" Aka kwashe da dariya. Wani dattijo a bayansu ya taɓo kafaɗarta: "Bu, ke ma ba ki gane ba, ki bar bawan Allah ya huta."

Da aka tashi, harabar sinimar ta koma kasuwa. Harjito ya ja ya tsaya, ya kasa kunne. Wata ɗaliba mai tabarau tana rantsuwa matar matacciya ce tun farko, tunda ta ratsa ruwa takalminta bai jiƙe ba. Wani ɗan acaba ya ce wanda ya shirya fim ɗin dai a binciki abin da yake sha. Can kan matakala wata mata na share hawaye, tana cewa haka uwarta ta yi lokacin da hankalinta ya fara gushewa, tana duba madubi tana gaishe da tsohuwar da ke ciki.

"Wane takalmi?" in ji Harjito. "Wace tsohuwa a madubi? Ba ki faɗa min ba."

"Na ga za su rikita ka ne."

"Idona ne ya mutu, Dik, ba kaina ba. Kowa ya fito da ruɗewarsa, ni kin tauna kin zuba min a baki kamar jariri."

Ta kama gwiwar hannunsa suka koma gida. Maganar ta ƙona ta, kuma ta san gaskiya ce. Washegari ta koma sinimar ita kaɗai.

Mai yaga tikiti ya gan ta ya washe baki. "Bu, kin dawo? Ko ke ce matar da ake cigiya?"

"Yaga ka ba ni hanya."

Ta zauna tana motsa leɓe babu sauti, tana gwada kalma a kan kowane hoto. Ta gano inda take tuntuɓe: da ta ga abin da ba ta gane ba sai ta tsaya neman dalilinsa, kafin ta samo hoton ya wuce. Ta sake komawa. A gida tana niƙa gyaɗa tana maimaitawa, a kasuwa ma bakinta bai huta ba, har wani mai saye, Pak Sugeng, kamar a ce Malam Sugeng, ya ce, "Bu, barkono kaɗan na ce, ke kuma kina ta zancen kifi a cikin fitila." Ta ƙara masa barkonon da gangan.

Ranar da ta mai da yayanta, fim ɗin na gab da sauka, ɗakin duk mutane ƙalilan ne. Wannan karon abin da ido ya gani kawai ta faɗa. "Ta shiga ruwa har gwiwa. Ta fito. Takalmin a bushe. A madubi tsohuwa ce, rigarsu iri ɗaya, ita ba ta murmushi, tsohuwar na yi." Inda sauti ya isa, ta yi shiru ta bar shi da kunnensa. Can kusa da ƙarshe allon ya koma fari fat, babu motsi.

"Fari ne kawai, Mas."

"Wane irin fari? Na takarda ko na gajimare?"

Ta ƙura ido. "Na ruwan da aka wanke shinkafa."

Ya jinjina kai, ya damƙe mata hannu har ta ji zafi.

A waje suka tarar da ɗalibar nan mai tabarau, ita ma ta dawo ƙari. Harjito bai jira an tambaye shi ba, ya kira ta da Mbak, yadda suke kiran mace cikin ladabi. "Mbak, matar nan ba ta mutu ba. Ita ta gudu ta bar mijin, ta kasa yarda da abin da ta yi."

"Haba Pak, takalmin fa?"

"Wanda ya gudu ai ba ya son barin sawu."

Suka kaure da musu, ɗan acaba ya shigo, wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo, babu wanda ya sauko daga bakansa har mai shara ya kore su bakin titi. Ɗalibar ta juyo: "Ke fa, Bu, me kika gane?"

"Ko kaɗan. Kuma kar Allah ya sake haɗa ni da shi. Amma babu abin da ya wuce ni a ciki."

Harjito ya kai labari wurin abokansa makafi masu sana'ar tausa, nan da nan biyu suka ce su ma sai an kai su. Lasmini baki ɗaya gare ta, sai ta jawo maƙwabciyarta Mbak Ratmi da wata jikar limami ta koya musu raɗar. Ratmi surutu ya yi mata yawa, har yanzu sai an zungure ta. Manajan sinimar ya gaji da ƙorafin masu cewa ana damun su da raɗa, ya ware musu layin baya gaba ɗaya a kallon rana. Yanzu layin cika yake yi, wani lokaci har a ɗauko kujerun roba daga ofis.