Yayana Mai Tauna Saiwa

Da sunan Allah. A rubuta yadda na faɗa.

Yayana makiyayi ne, shi ya riƙe ni da 'ya'yana huɗu bayan rasuwar babansu. Ana kiransa Mai Tauna Saiwa, don in ya shiga makiyaya sai ya tumɓuko ciyawa, ya karkaɗe ƙasar, ya tauna gindinta. In ya ji zaƙi-zaƙi ya saki shanu. In ya ji salam, ko kuka za ka yi ba zai buɗe shinge ba.

Wata shekara rani ya yi tsawo, shanunmu bakwai suka rame, nono ya kusa ƙafewa. Autana kuwa na yaye shi, da nonon nan yake rayuwa. Da ruwan fari ya sauka fili ya yi kore shar, maƙwabcinmu ya saki garkensa. Yaya ya bar namu a ɗaure kan kara da dusa.

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, ga abinci a gabansu!"

Ya ce, "Ƙanwata, ciyawa ma tana da rumbu a ƙarƙashin ƙasa. Ajiyarta ta bara take ci ta fito da tohon nan. In aka cinye shi yanzu za ta sake ɗiba, a sake cinyewa, har rumbun ya ƙare ta mutu. Bari ganye ya yi faɗi ya sha rana, ta mayar da abin da ta ɗiba."

Maƙwabci ya leƙo yana dariya: "Malam, kai ka ƙoshi da saiwa, shanu ka sa su azumi?"

Yaya ya ce, "Mu haɗu tsakiyar damina."

Kwana biyu ban gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Shi kuwa kullum yana kan bishiya yana saro wa saniyar tatsa ganye, har tafin hannunsa ya tsage, don kar yaron ya rasa ko rabin kofi.

Sai rana ta ashirin da uku bayan ruwan fari ya tauna saiwar, ya gyaɗa kai, ya buɗe shinge. Tsakiyar damina filin maƙwabci ya koma ƙasa da ƙaya, ya zo roƙon a bar maruƙansa su shiga namu. Yaya ya bar su, amma gefe guda kawai. Autana kuwa ya yi ƙibar da goyonsa ya gagare ni.

Allah ya kai haske kabarin Yaya.