Neman Kwalin Maganin Inna

Ana idar da sallar asuba muka fito tashar Maradun, ni da yayana, amma sai da rana ta ɗaga direba ya yarda ya tashi. Yanzu ba mai son motarsa ta zama ta farko a kan hanya, saboda 'yan bindiga. A jakata akwai ƙwayoyin hawan jinin Inna, mahaifiyarmu, cikin 'yar farar leda. Babu suna a jiki, sai zanen biro guda, alamar a sha sau ɗaya a rana.

Wata uku ke nan da likita ya hana Inna duk abin da aka yi da alkama, ya ce ita ke lalata mata hanji. Ta bar burodi da taliya da fanke, ta fara murmurewa. Da zawo ya dawo, sai na karanta a waya cewa akan haɗa wasu ƙwayoyi da sitacin alkama. Ni 'yar boko, na ce ta dakata da sha har in bincika. Kwana goma sha ɗaya na yi ina jiran hutun makarantar da nake koyarwa.

Hanya duk ramuka, gonaki da yawa ba a nome ba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ga wata baiwar Allah ta ɗora mini kajinta a cinya kamar tare muka saye su.

Mun tarar da kasuwar Mafara ta cika maƙil. Tsire ya gagari aljihunmu, muka sha fura a tsaye. Mai wani babban shagon magani ya juya ƙwayar a tafin hannu, ya ce yawanci da sitacin masara ake yi, amma ba zai rantse ba sai ya ga kwali da takardar ciki. Yayana ya ce a wani kemis a Bakura ya sayo maganin, ranar da ya je sarin shinkafa. Muka sake hawa mota.

Mai kemis ɗin Bakura dattijo ne mai fara'a. Bayan doguwar gaisuwa ya ce a babbar roba yake sayowa, ya riƙa ƙirga wa mutane. Robar ta ƙare, matarsa ta zuba gishiri a ciki. Aka kawo ta, wanki ya cinye rubutun tas.

"Hajiya, tun da nike wanga aiki, ba wanda yat taɓa tambaya ta kwali," in ji shi.

Muka koma shagon Mafara, na sayi sabon maganin da kwalinsa. Takardar ta ce masara. Ina cikin hamdala mai shagon ya tambayi ranar da Inna ta sha na ƙarshe. Da na faɗa, sai ya cire tabarau, ya ce wannan magani ba a tsayar da shi haka kawai, mu tafi gida yanzu.

Kafin la'asar muka iso, muka tarar da mata cike da tsakar gida. Inna ta faɗi da hantsi a gindin randa. Bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Yayana ya juya neman motar asibiti ko zama bai yi ba.

Tafiyar ta koya mini kada in ƙara karɓar magani tsirara a leda, kuma kada in hana kowa shan nasa ban tambayi likita ba. Na koya, amma a jikin uwata, kuma wannan baƙin cikin ba zai bar ni ba. Na durƙusa kusa da ita, ta dubi kwalin da ke hannuna, da ƙyar harshenta ya juya.

"Kin samo, ɗiyata? In sha yanzu?"