Jarumin da Aka Samo a Kasuwar Bazaga

Fim biyu ɗan gwaggona ya shirya kafin wannan, kuma a duka biyun ni ne jarumi. Ba wasu manyan finafinai ba ne. Kamara ɗaya gare shi, da abin ɗaukar magana da muke ɗaurewa a kan gora, sai abokai da ke zuwa in sun tashi daga aiki. Amma a Ƙonni an kalle su. Ni tela ne, kuma mata masu kawo ɗinkin salla sukan tsaya a ƙofar shagona su ce, "Ashe kai ne wanda aka cinye wa gado a fim ɗin nan?" Ina jin daɗin wannan fiye da yadda nake nunawa.

Na ukun mun daɗe muna shirinsa. Labarin wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka tura ƙauye wajen Tajaye, ya tarar babu aji sai rumfar kara. Ni zan fito malamin. Har tabarau marar magani na saya, ina gwada tafiya da shi a tsakar gida, matata tana dariya.

Ana cikin haka wani fim ɗin Indiya da aka yi wa fassarar Hausa ya shigo gari. Masu tura finafinai a waya suka rasa lokacin cin abinci. Labarin wani ƙato ne mai gemu, ba ya yawan magana, yana takawa a hankali, in ya kai naushi sai ka ga mutane suna tashi sama. Ƴan kabu-kabu suka fara barin gemu. Ni na kalla na koma kan keken ɗinkina. Ɗan gwaggona kuwa ya yi ta maimaita shi har ya haddace, ya daina zancen malamin lakwal.

Wata ranar Laraba ya shigo shagona ya zauna kan buhun ƙyallaye.

"Taubashi," ya ce, "malamin nan naka ba shi da jini a jika. Yanzu namiji mutane ka so."

"To ni mi nike?"

"Kai tela ne."

Ya fashe da dariya. Akwai wasa tsakaninmu tun muna yara, dole ni ma na dara.

Ya ciro waya ya nuna mini abin da ya ɗauka a kasuwar Bazaga. Wani bijimi ne ya tsinke igiya, jama'a na watsewa, sai wani saurayi makiyayi ya tare shi, ya kama ƙahonin ya murɗe har dabbar ta durƙusa. Shi ne sabon jarumi. Labarin ma ya sauya: makiyayi ne aka kore wa shanu, ya bi sawu shi kaɗai. Ni an ba ni abokinsa, wanda ɓarayi za su lakaɗa wa duka don jarumi ya samu dalilin fushi. Kuma ni zan ɗinka masa baƙar riga irin ta ɗan Indiyan.

Da saurayin ya zo awo, ƙwaryar nono ya riƙo mini, saƙon mahaifiyarsa. Ya cire takalmi a ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, Kawu." Kawu! Ban ba shi shekarun da za su sa ya kira ni haka ba. Na zagaya ƙirjinsa da abin awo, sai da na miƙe hannuwana duka. Na so a ce mai girman kai ne, in samu abin riƙewa. Ina, kunya gare shi kamar sabon suruki.

Mun yi ɗauka a wani fili mai fararen duwatsu kusa da Malbaza. Saurayin nan ya kasa riƙe ko jimla biyu. In kamara ta juyo kansa sai ya sunkuyar da kai. Na ce a raina yau ɗan gwaggona zai gane kurensa. Sai na ji ya ce, "Ba komi, a cire maganar. Ɗan Indiyan ma ba ya magana." Ni da nake haddace shafi guda kafin shayi ya huce, ina kwance cikin ƙasa, an shafa mini tumatirin gwangwani a baki, shi kuma ana ta sa shi ya tako a hankali, ya koma, ya sake takowa. Cikin mutanen ƙauyen da suka zo kallo wani har ya taka mini hannu garin leƙen jarumin.

Kafin fim ɗin ya fito, duk wanda ya zauna a shagona sai na gaya masa kwaikwayo ne kawai, ba za a kalla ba. Aka kalla. Na dawo gida da la'asar na tarar da matata da ƙannenta sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na tsaya a bayansu. Da aka zo wurina sai ƙaramar ta sa yatsa ta wuce gaba, zuwa inda jarumin yake kwance rawaninsa. Babu wadda ta ce a mayar. Mahaifiyata ma da aka nuna mata cewa ta yi, "Yaron ga ɗan wa ne? Allah shi yi mai albarka, ya rama maka."

Samari suka yi ta zuwa suna cewa in yi musu rigar jarumi. Na ɗinka, ina murmushi, ina cizon zare da ƙarfin da bai kamata ba.

Ɗan gwaggona ya fara shirin kashi na biyu, sai jarumi ya ɓace. Lambarsa ba ta shiga. Ni na gamu da shi bayan girbi a kasuwar Illela, inda na je sayen rago. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce ɗan gwaggona yana nemansa ruwa a jallo.

"Kawu, ka ba shi haƙuri," ya ce. "Tsayuwa ce cikin rana ba dalili. Shanuna sun rame a kwanakin nan."

Na tambaye shi ko ya ga fim ɗin. Ya ce an nuna masa farkon, sai lokacin shayar da dabbobi ya yi.

Na shiga motar Ƙonni da ragona a baya. Wani fasinja ya ƙura mini ido ya ce kamar ya san fuskata. Na ce masa ni tela ne, na juya kaina wajen taga.