Wutar Mai Gida

Shekarar da aka yi ta raɗe-raɗin za a ƙara kuɗin wuta, daga ni sai mahaifiyata a gidan da nake haya a unguwar Ƙuba ta Madina. Matata ta tafi gida haihuwa tare da yara. Ni kuwa ina ba da magani a wani asibiti, in na fita da safe sai bayan la'asar. Inna tana da hawan jini, ga ƙoda ba ƙwari. Likita ya gaya mini ƙiri-ƙiri, zafin Madina zai iya kashe ta in ta wuni ba sanyi. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne maganinta na farko.

A ƙofar masallaci kowa da nasa labarin. Wannan ya ce ninkawa za a yi, wancan ya ce sai masu sha da yawa za a ɗora wa. Na ja bakina na yi shiru a gida, amma ina! Matan unguwa sun riga sun fesa mata. Ran nan na tarar da ita a gindin matakala, ta ƙura wa mita ido, faifan nan na ciki yana ta juyawa.

"Wannan abin ba ya hutawa?" in ji ta.

"Inna, ki bar shi ya yi aikinsa."

"Guminka yake sha."

Daga ranar na fara tarar da ɗakinta da ɗumi, ita kuma fuska duk ta kumbura.

Mai gidanmu dattijo ne ɗan ƙasa, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma mitar da sunansa take. Da na kai masa kuka sai ya ba ni zaɓi: ko in ci gaba da biyan abin da mita ta ce, ko ya yanke mini kuɗi ɗaya kowane wata, zafi da sanyi, a ƙara ko kar a ƙara, shi ya ji da saura. Abokan aiki suka ce wauta ce, in ba a ƙara ba na yi asara. Asarar me? Ni kwanciyar hankalin tsohuwa nake saye.

Na dawo ina ta washe baki. Na ce, "Inna, an gama. Ko ki kunna dare da rana, kuɗin ɗaya ne."

"To abin da ya hau fa, wa zai biya?"

"Mai gida."

Ta ajiye carbi. Gabana ya faɗi.

"Maƙwabcin Manzon Allah zan ɗora wa? Naka na iya ci, kai ɗana ne, za ka yafe. Haƙƙin wani, a wannan gari? A'a."

Wallahi ranar na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na je na jawo dattijon har bakin ƙofa. Ya ce, "Halal, ya Hajja! Kunna abinki, na yafe duniya da lahira." Ta yi godiya, ta sa masa albarka. Yana sauka ta ce, "Kunya ce ta sa ya faɗa. Wa za a tsare haka ya ce bai yafe ba?"

Na ce to mu koma mita. Ta ce babba ba ya magana biyu, an riga an yi alkawari da mutum.

Sai muka shiga wasan ɓuya. Dab da dawowata take kunnawa, in shigo in ji iska da sanyi, in taɓa bango in ji shi kamar murhu. Na koma buga waya da azahar don in ji ƙarar na'urar. Ashe sai wayar ta yi ƙara take miƙa hannu ta kunna. Tsoro ya hana ni aiki, har magani nakan ɗauko in tsaya ina kallon kwalin.

Ranar da iska mai ƙuna ta taso daga wajen duwatsu, na buga ba a ɗauka ba. Na sake bugawa. Na bar mutane a layi na fito, sitiyari yana ƙona mini hannu. Na tarar da ita a ƙasa kusa da darduma, ta lulluɓa da zanen da ta jiƙa, har ya bushe ƙamas a jikinta. Na kunna na'urar, na sheƙa mata ruwa, na sungume ta sai asibiti.

Ta farfaɗo wajen magariba. Ta dube ni, da ƙyar leɓenta ke motsi. Na kai kunne.

"Ka kashe kafin mu fito?"

Na ce na kashe. Ƙarya nake.

Ƙodar ba ta tashi ba. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Muna fitowa mutanenmu suka yi ta kama hannuna, fuska a sake. "Barka, malam, barka! Tsohuwa ta dace, ta kwanta a Madina." Ina ta cewa amin, haƙorana a cije. Mai gida ne kaɗai bai ce mini barka ba. Ya tsaya can gefe, ya rufe fuska da gefen mayafin kansa, kafaɗunsa suna rawa.