Kafintan da ya ƙi hawa kujerar da ya yi

Inna ta riga ta zauna a sabuwar kujerar jirgin fito tana yabon laushinta, sai na hango kafintan da ya yi ta, Malam Sale, tsugunne a bakin kogi.

Jirgin tsohon kwalekwalen Malam Habu ne, mai haye da mu zuwa kasuwar Gwaram da damina. Bana ya sa an ƙara masa kujera a baya, har da soso da shuɗin fenti. In an kwantar da majinginarta sai ta koma gado, a ɗora mara lafiya ko buhuna.

Shi ma kafintan kasuwa za shi, amma sau biyu Malam Habu yana kiransa, yana cewa a dai je.

Na matsa kusa na ce, "Malam Sale, ba ka hawa aikin hannunka ne?"

Ya rage murya. "Kujerar ba ta da laifi. Amma tunda nake, ban taɓa tura ƙusa da yatsa ta shige katako ba sai a bayan jirgin nan."

Na ce da Inna ta sauko. Malam Habu ya yi dariya, wai kafintan tsoron ruwa yake tun yana yaro.

Jirgi ya haye lafiya. Mu kuwa muka zagaya ta gada a kan babur, Inna tana yi min faɗa har Gwaram.

Ni dai har yau fentin nan bai kwanta min ba, gani nake ruɓaɓɓen katako ya rufe. Ku wa za ku gaskata, mai jirgi ko wanda ya tura ƙusar?