Shekarar da Aka Yabi Ƙibata

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a akushi ɗaya, amma shekarar da na haifi ɗana na fari a Matameye ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Lokacin mulkin Nasara bai daɗe da zama a ƙasarmu ba. Maigidana bafatake ne, yakan yi watanni a hanyar Kano, ni kuma ina gida tare da mahaifiyarsa, wadda ta taso daga Kurni don ta kula da jegona.

Bayan na gama wanka sai jikina ya fara sauyawa. Fuskata ta cika, wuyana ya yi kauri ta gaba, hannuwana suka yi nauyi. Matan unguwa in sun shigo sai su yi ta tsiya.

"Wannan wuya haka? Faɗa mana abin da ake ba ki a ɓoye."

"Ku ƙyale ta, haihuwa ce ta karɓe ta," in ji surukata, tana jin daɗi, don yabon nata ne.

Ba wanda ya lura cewa ina lulluɓa da zane biyu da tsakar rana a cikin bazara. Gashina yana biyo mataji. Muryata ta dushe. In na ɗaga taɓarya, kafin in sauke ta sau kaɗan numfashina ya ƙare. Ga wani kwaɗayi da nake ɓoyewa: nakan ɓantari ƙasar bangon ɗaki in tauna. Abin da ya fi duka shi ne baƙin cikin da ba shi da dalili. Ba wanda ya ɓata mini, amma sai in zauna hawaye na zuba, in ji da ma ban wayi gari ba.

A al'adarmu mace ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Saboda haka da aka ga ina zaune shiru, yaro yana kuka ban yi saurin ɗaukarsa ba, sai aka ce ba a taɓa ganin yarinya mai kunya irina ba. Gaskiyar ita ce ina jin kukansa har cikin ƙashina, tashin ne ya gagare ni.

Wata rana da hantsi ina zaune gaban murhu, yaron yana kan cinyata, barci ya sace ni. Ihunsa ne ya tashe ni. Ya mirgina, dantsensa ya faɗa cikin toka mai zafi. Surukata ta sure shi, ta shafa masa man shanu, ba ta yi mini faɗa ba. Da la'asar ta ce, "Nonon ma ba ya isarsa. Zan tafi da shi Kurni in yaye shi. Da ma namu ne."

Na so in ce a bar mini shi. Kunya ta riƙe rabin maganar, gajiya ta riƙe sauran. Ina kallo ta goya shi suka fita.

Bayan tafiyarsu na daina fitowa tsakar gida. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi, an ƙara mini kunun kanwa, ba abin da ya sauya. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ce ta dawo gidan da zama, ita ce kuma ta ja ni bariki ranar da wani likitan Nasara ya zo yi wa mutane lambar agana. Da layi ya zo kaina sai likitan ya tsaya, ya taɓa wuyana, ya ja fatar idona ya duba. Ma'aikacinsa, wani mutumin Damagaram, shi ke fassara.

"Baiwar Allah, ya ce kina jin sanyi ko da ana zafi?"

Na ce i.

"Barci fa? Kuka ba dalili? Kina cin ƙasa?"

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai na ce i. Tun da na haihu, wannan ne karo na farko da aka tambaye ni abin da nake ji.

Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, maƙoƙo ne ke tasowa, kuma jinina ya yi ƙaranci ƙwarai. Ya ba mu wani ruwan magani mai duhu a ƙaramar kwalba, a riƙa ɗigawa a ruwan sha. Ya ce a ba ni hanta da nama da ganye, kuma kada a bar ni ni kaɗai. Sai da na tsufa wani likita ya yi mini cikakken bayani: akwai wata halitta a gaban wuya da ke tafiyar da ƙarfin jiki, in ta yi sanyi komai na mutum yakan yi sanyi, har zuciyarsa, kuma rashin jini yana ƙara mata nauyi.

Gwaggo ta riƙe maganar da gaske. Takan aika wurin mahauci, ta dafa zogale, ta tsare ni sai na cinye. Takan ajiye mini auduga da mazari ta ce, "Ko ba ki kaɗa ba ki riƙe, ni dai ba zan yi hira da bango ba." Sauƙin ya zo a hankali, kuma bai zo duka ba. Maganin ya ƙare, likitan bai sake biyowa ba, kumburin wuyan yana nan har yau. Amma bayan girbi na iya daka, na iya tafiya, sai na ce wa maigidana zan je Kurni.

Na tarar da yaron yana tafiya da ƙafarsa. Da ya gan ni ya ruga bayan kakarsa.

"Mijina ba ya kula matan birni," in ji ta, mata suka yi dariya. Ta dube ni ta ce, cikin wasa, "Ko kin zo ƙwace shi ne?"

Na ce, "I, Inna. Ina son abina."

Wata tsohuwa ta riƙe baki. Surukata ta ɗauko shi da kanta ta ɗora mini a baya, ta ɗaure zanen. Ba muguwa ba ce.

Ban kai gonakin bayan gari ba. Ya yi ta ihu yana kiran Inna, yana dukan bayana, har ya shiɗe. Na sauke shi, na yayyafa masa ruwa, na zauna a gindin gawo ina kallonsa yana kallona kamar ɓarauniya. Daga nan na juya na mayar da shi. A Kurni ya girma, kuma har ya yi furfura Yaya yake ce mini.

Abin da na koya shi ne ciwo yakan zo da kamannin da mutane suke yabo. Tun daga lokacin, in na ga mai jego ta cika ta yi shiru, ba na yaba mata. Nakan zauna kusa da ita in tambaye ta me take ci, yaya barcinta, me ke cikin ranta, kuma ba na tashi sai ta amsa.