Na'ura ta ba Kwami lodina

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau! Tun shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ban ga irinsa ba.

Kun san yanzu na'ura ke raba mana aiki, mu direbobi. Ayyukan na jere a layi can cikin intanet, tana tura wa kowa nasa a waya. Da safe nawa ya shigo. Na ce yau ba mai karanta mini. Na zauna ina haɗa baƙi a hankali: shinkafa, daga tashar jirgin ruwa zuwa Wagadugu. Na gama, na danna "na karɓa".

Ina isa tashar, sai ga Kwami abokin aikina yana ɗaure tamfol a kan lodina!

Na kira Hajiya ta ofis. Ta ce, "Malam Isa, in na'ura ta ji shiru, mayar da aikin layi take yi, ta ba na gaba."

Kwami na dariya, yana ce mini Fo, wato yaya a yarensu. "Fo Isa, gobe danna tukuna, karatu daga baya!"

Na ce, "Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba."

Saƙon dai da kaina na karanta shi har ƙarshe. Asarar yau: lodin Wagadugu ɗaya, da man zuwa da komowa.